Lauje Mai Jan Ƙyalle

Ko zan manta komai na aikin gandiroba, ranar da lauje ya ɓace ba za ta fita raina ba. Zamanin da kuɗin mai ya buɗe ne, sababbin gidaje na ta tashi a GRA, mu kuma kullum da safe muna kai fursunoni yankan ciyawa can.

Cikin waɗanda nake rakawa akwai wani dattijo mai taɓin hankali, yini yake yana hira shi kaɗai. Saura kwana uku likita ya zo ya duba shi a mai da shi asibiti. Akwai kuma shugaban ɗakinsu. Kai! Baki kamar zuma, gaisuwa har ka gaji da amsawa. Kowa na yabonsa, amma ni ban saki jiki da shi ba tun ranar da na ga yana dariya wani ya faɗi da farfaɗiya.

Ran nan muka dawo, aka ƙirga laujuna, aka ga ɗaya ya ɓace. Nan take mai zaƙin bakin ya durƙusa gaban babbanmu, har da ƙwalla.

"Ranka ya daɗe, tsohon nan ne ya ɓoye shi. Ya ce yau sai ya yanka wani."

Babbanmu ya ce a kawo mari, a kai dattijon ɗakin horo. Wanda ya shiga can kuwa, maganar asibiti ta sha ruwa. Bawan Allah sai murmushi yake, bai ma san da shi ake ba.

Raina ya ɓaci. Ni da igiya ɗaya tak a kafaɗa na buɗe baki.

"Yallaɓai, ba shi ba ne. Nasa yana da jan ƙyalle a ƙota, ga shi nan. Kullum da hannu biyu yake miƙo mini, ya ce ga amanarka. Mutumin da ko kwanon wani ba ya taɓawa! A bincika shimfiɗar mai ƙarar. In ba a samu ba, a cire igiyata."

Aka ɗaga tabarmar mai zaƙin bakin, sai ga lauje kwance.

Ko gezau bai yi ba. Ƙwallar nan ta bushe, ya ɗaga kafaɗa ya ce, "To mi? Wurin kwananshi nike so, ya fi samun iska."

Da likita ya zo na ba shi labari. Ya ce shi ma wancan ciwo gare shi: zuciyar da ba ta jin tausayin kowa, ba ta nadama. Ya rubuta a ci gaba da duba shi, dattijon kuma aka tafi da shi asibiti.

Bayan shekara biyu na ga dattijon a Babbar Kasuwa yana awon gero, tsaf da hankalinsa. Ya riƙe hannuna da hannu biyu. Har gobe ina alfahari da wannan riƙon. Tun ranar na daina auna lafiyar mutum da daɗin bakinsa, kuma wanda ba ya iya kare kansa, ba na yin shiru a kansa.