Huji Biyar a Gefen Takarda

A ƙarshen barandar babbar kotu, in ka wuce ofishin rajistara, akwai wani ɗan ɗaki mai taga ɗaya. Nan Baba Allura ya shekara talatin da ɗaya yana ɗinke fayil-fayil. Kayan aikinsa basilla ce, da almakashi, da curin zare, da wani katako da basillar ta rarake tsakiyarsa. Matarsa kan ce, "Mutum ya ɗinke rigimar gari kaf, amma aljihun rigarsa a yage." Shi kuwa sai ya ce allurar gwamnati ba ta aikin gida.

Ƙa'idarsa ɗaya ce: ba ya karanta abin da ke cikin takarda. Ya ƙirga shafi, ya daidaita, ya huda, ya ɗinke. "Rubutu na alƙali ne," in ji shi, "gefe ne nawa."

A shekarar da nake ba ku labari, tukwanen gas na wani kamfani sun fashe a gidaje huɗu, a garuruwa huɗu, kowa ya kai ƙara kotun garinsu. Kamfani ɗaya, matsala ɗaya, shaidu suna ta zarya tsakanin kotuna. Sai aka ba da umarni a haɗa ƙararrakin gaban alƙali ɗaya, kada wannan kotu ta ce fari waccan ta ce baƙi. Ranar Alhamis fayil huɗu suka iso teburin Baba, a mai da su ɗaya kafin zaman Litinin.

Bai fara ba sai ga wata mata a bakin ƙofa, hannunta na dama ɓoye cikin mayafi.

"Sannu da aiki, Baba. An ce duk takarda ta hannunka take bi."

"Bi take yi, 'yata, ba ta zama. Lafiya?"

Ta ce ita mai kitso ce, ɗaya daga cikin masu ƙarar. Lauyanta ya duba fayil ɗinta, babu rahoton likita, likitan da ya rubuta shi kuma ya bar ƙasar. Ranar Litinin lauyan kamfani zai nemi a zare ta daga cikin huɗun, tunda ba ta da shaidar rauni.

"Shekara biyu ina jele, Baba. In aka ware ni, ni kaɗai ba zan iya da su ba." Ta fito da hannun. "Yatsu uku ba sa lanƙwasuwa. Da me zan yi kitso?"

Bai yi mata alkawarin komai ba. Ya dai ce ta je ta samu inuwa ta zauna.

Ya buɗe fayil ɗin matar. Lamba ta tashi daga shafi na arba'in ta dira a arba'in da biyu. Takardar ta taɓa zama a nan ke nan.

To, Baba ya san maɗinkan sauran kotuna, ko da yake bai taɓa ganin fuskar ko ɗaya ba. Na garin mai kitso huji uku yake yi, kuma ta baya yake soka basilla, shi ya sa bakin hujin ke tasowa gaba. Na garin direba, wani daga cikin masu ƙarar, huji biyu yake yi manya, aikin mai gaggawa. Baba na cikin ƙirga fayil ɗin direban sai babban yatsansa ya ji kaushi. Ya dawo baya. Takarda ɗaya huji biyar gare ta: biyu da zare a ciki, uku fayau, bakinsu ya taso gaba. Nan ya tuna bara kotun garin direba ta ari fayil-fayil ɗin don ta gwada su da juna. A can takardar ta zame, mai gaggawa ya haɗa da ita ya ɗinke.

Almakashi na hannunsa. Ya dube shi, ya ajiye, ya rungumi fayil ɗin sai ofishin rajistara, wurin Hajiyar da ke riƙe da ofishin.

"Hajiya, karanta min kan wannan."

Ta gyara tabarau. "Rahoton likita ne, kuma sunan matar ne. Alhamdu lillahi! Cire ta ka mayar mata, ka huta mu huta."

"In na cire, Litinin lauya zai ce cusa ta aka yi daga baya. A bar zaren yadda mai shi ya ƙulla."

"To wa zai yi wa alƙali bayanin huji? Kai da ko ƙofar zauren kotun ba ka taɓa leƙawa ba?"

"Ai ba a taɓa kirana ba ne, Hajiya."

Ranar Litinin aka kira shi. Ya tsaya ya nuna hujin ɗaya bayan ɗaya. Da ya gama bayani, lauyan kamfani ya miƙe yana murmushi.

"Malam, a wace makaranta ka karanci ilimin huji?"

"A ɗakin ƙarshen baranda, yallaɓai. Har yau ban sauke ba."

Zaure ya ɗauki dariya, har da magatakarda. Alƙaliyar ta buga tebur, ta ce a yanke zaren fayil biyun a gabanta. Baba ya yanke, ya zaro takardar, ya ɗora ta kan shafi na arba'in na fayil ɗin mai kitso. Alƙaliyar ta ɗaga su biyun saitin taga. Haske ya ratsa huji ukun nan, ba ko ɗaya da ya kauce.

"Lauya, ko za ka zo ka leƙa?"

Ya zo, ya leƙa, ya daɗe yana leƙawa. Sannan ya ce, "Ya mai shari'a, mun janye roƙonmu."

Aka rubuta cewa ƙararraki huɗu ne, a tare za a saurare su, aka sa rana.

Kafin mai kitso ta fito neman Baba ta yi godiya, har ya koma ɗakinsa da fayil-fayil ɗin, don kafin a tashi aiki ake son su a ɗinke. A baranda direban ya tare ta, ya matsa mata wuri a benci kusa da sauran biyun.

"Yaya, ashe shekara guda ina ɗauke da fasinjarki a fayil ɗina ban sani ba!"

Ta yi dariya har ta sa gefen mayafi ta share ido, ta zauna, ta ce, "Nawa ga wata aka ce mu dawo?"