Kunnen Yaya Sabi'u

Yau shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana Sabi'u, kuma na gaji da ɓoyewa: har ya koma ga Allah ina kishinsa.

Tare muka taso a Daura, a gidan maƙeran fari, masu aikin azurfa, tare muka kamu da son tsofaffin kuɗi: anini mai huji, sisi, sule, da liyari, wato azurfar nan mai hoton mace da fatake ke shigowa da ita. Ni na yi boko, na sayi littattafai da gilashin ƙara girma. Shi ko harafi bai sani ba. Amma sai ya ɗora kuɗi a kan yatsa, ya ƙyasta shi da farce, ya saurara, ya ce wannan bugun inji ne, wancan kuma narkawa aka yi aka zuba. Daga Sandamu har Baure shi ake nema, ni ina gefe riƙe da gilashina.

Wata shekara abin ya ci ni, na sa wani maƙeri ya zuba mini liyari na jabu. Ranar kasuwar garin Babban Mutum na miƙa masa a gaban jama'a, ina jiran ya ji kunya. Ya ƙyasta sau ɗaya, ya daɗe yana dubana.

"Ƙanena ya kawo mana gwaji don mu koya," ya ce wa mutane. "Ku saurara, na zubi ba ya dogon amo."

Ya rufa mini asiri, bai taɓa tayar da maganar ba. Wannan ma na ji haushinsa.

Yanzu matasa hoto suke ɗauka da waya, nan take ta faɗa musu ƙasar da aka buga kuɗin. Na san da yana nan zai yi dariya ya tambaya ko wayar tana da kunne.

Gwangwanin kuɗinsa bai bar mini ba, 'yarsa Hajara ya ba wa. Makon jiya na kai mata wani sule da ya gagare ni tantancewa wata biyu. Ta ƙyasta, ta karkata kai kamar ubanta.

"Baffa, na gaske ne."

Na koma gida na sake bincikawa. Na gasken ne. Allah Ya jiƙanka, Yaya. Yanzu kuma 'yarka nake kishi.