Ƙishirwar wankin ƙoda da Yaya Rabi

Assalamu alaikum. Na daɗe ban ce komai ba a nan, har wasu tsofaffin ɗalibaina suna tambayar ɗana ko ina raye. Ina nan da raina, alhamdu lillahi. Ƙodata ce ta daina aiki, sai yanzu na samu ƙarfin ba ku labari.

Da kumburin ƙafa abin ya fara. Na ɗauka tsayuwar gaban allo ce. Dama ina da tansiyo, wato hawan jini, amma sai kaina ya yi ciwo nake tunawa da magani. Daga baya fitsari ya ragu, abinci ya fita raina, in na kwanta numfashi ya gagara.

A asibitin Tawa aka auna jinina. Lokotoro, wato likita, bai ɓoye mini ba, ya ce sai Yamai, sai wankin ƙoda. Muka sayar da filin da marigayi maigidana ya bari, muka kama ɗaki kusa da asibiti.

Yayata Rabi ce ta baro ƙauyenmu na wajen Takanamat ta zo jinyata. Ita ta raine ni. A shekarar babban fari, zamanin mulkin soja, uwarmu ta rasu, babanmu ya kora sauran shanu kudu. Yaya tana budurwa ta goyo ni a ƙasa har Tawa inda ake rabon hatsi, da gora ɗaya na ruwa. Ba na tuna tafiyar. Ita kuma ba ta son ba da labarin.

Ga yadda wankin yake. Ana auna nauyinki kafin a ɗora ki kan na'ura, a sake aunawa in an gama. Abin da ya ƙaru tun zuwanki na baya ruwa ne da jiki ya kasa fitarwa, shi za a janye. In ya yi yawa, tansiyo ya hau, ruwa ya cika huhu. In kuma aka janye da yawa a zama ɗaya, tansiyo ya faɗi.

Ni ma ya faɗi mini. Ana zafin bazara, ina shan fura da kunu ina ganin ai ba ruwa ba ne. Rannan ina kan na'ura ƙafafuna suka ɗaure, gumi ya karyo, idona ya yi duhu. Na ji ma'aikaciyar jinya tana kiran sunana kamar daga cikin rijiya. Na yi kalmar shahada, don ban zaci zan tashi ba.

Da na farfaɗo, lokotoron da ke duba ni a Yamai, wata mace, ta zauna da mu ta yi bayani a natse. Ta ce fura ruwa ce, miya ruwa ce, shayi ma haka. Ta faɗi iya abin da zan sha a yini, ta hana gishiri da kanwa da dunƙulen miya. Yaya ba ta taɓa shiga aji ba, amma ta sa aka maimaita mata har ta riƙe.

Daga ranar ta karɓi ragamar. Da safe ta auna ruwana a gora ɗaya, ta samo ƙaramin kofin shayi. In ƙishirwa ta taso sai ta zuba kaɗan ta ce, "Riƙe shi a baki, Auta, kada ki haɗiye da garaje." Ta jiƙa zane ta rufa mini a wuya. Ta koyi miyar da ba gishiri, da albasa da citta da tafarnuwa, har ta ciwu. Kilishin da 'yan dubiya suka kawo, maƙwabta ta ba.

Wata rana na yi mata tsawa, na yi kuka, na ce ta fi soja mugunta. Ta ci gaba da yi mini fifita har na yi barci.

Nauyina ya daidaita, tansiyo ya sauka, aka rage mini magani. Sai ita ta fara ramewa, leɓɓanta suka tsage. Wata rana a bakin asibiti jiri ya ɗebe ta. Da aka tsananta tambaya, ashe tun ranar da aka yi mini iyaka, iya abin da nake sha take sha.

Lokotoro ta yi mata faɗa sosai, ta ce ƙodarta lafiya lau take, kada ta kashe ta da hannunta. Yaya ta sunkuyar da kai ta ce, "Ba ni iya sha tana kallona."

Tun daga nan sai ta fita bayan ɗaki ta sha, ta goge baki, sannan ta shigo.

Ban warke ba irin warkewar da kuke zato. Har yanzu ina zuwa wanki. Amma ina tafiya da ƙafata, ina sallah a tsaye, ina goya jikata.

Na gode wa Allah, da lokotoro da ma'aikatan jinya, da duk wanda ya taimaka da kuɗi ko addu'a. Yaya Rabi kuwa, Allah ya shayar da ke daga Alkausara.

Masu tansiyo, ku sha magani ko kuna jin lafiya, ku riƙa aunawa. In ƙafa ta kumbura, ku je asibiti kafin ku sha jiƙe-jiƙe. Masu wanki, kada ku tsallake rana, kuma ku tambayi lokotoro lokacin shan maganin tansiyo a ranar wanki.

Ku kuma masu zuwa dubiya, ku daina ce wa mara lafiya ɗan ruwan nan ko ɗan kilishin nan ba ya komai. Ku duba mai jinyar ma, ku tambaye ta ko ta ci, ko ta sha.