Kambun da Ya Ƙetare Tur'a

Kafin talabijin ɗin Kawu Siddiƙu ya zo, babu wanda ya taɓa yi wa kakarmu Hajja Kulu takara a gidanmu. Lokacin sanyi, da an sallame magariba, sai ta sa a jawo mata angareb, gadon nan na igiya, a ajiye bakin rumfa, a hura karan auduga a gabanta, mu zagaye ta. Garinmu ƙauyen Hausawa ne a Jazira, ba nisa da Hasahisa. Abin da ya raba mu da ƙauyen da ke fuskantarmu tur'a ce, babbar hanyar ruwan da ke shayar da gonaki. Su ma Hausawa ne, tare kakanninmu suka taso daga Sakkwato. Wannan bai hana mu kiransu "mutanen ƙetare" ba, sai ka ce Bahar Maliya ce tsakani.

Mu yara Habboba muke ce mata, yadda 'ya'yan Larabawa ke kiran kakanninsu. Ba ta so. "Ni Kaka nike," in ji ta, "Habboba tana can gidan da anka haife ta." Da Sakkwatanci take ba mu tatsuniya, mu kuwa mu amsa rabi da Larabci, ta yi tsaki ta ci gaba. Tana da irin buɗewarta. Sai ta dubi wuta ta ce, "Ga wata baƙuwa ta taho daga yamma, ƙafafunta duk sun fashe." Mu haɗa baki mu ce, "A ba ta ruwa ta zauna."

Ina aji biyar Kawu Siddiƙu, ƙanen mahaifiyarmu, ya dawo daga Jidda da talabijin da bidiyo da ƙaramin janareto da kaset-kaset cikin kwali. A cikinsu akwai musara'a, wato kokawar Amurka, har da kaset ɗin babban wasansu na shekara. Shi aka yi ta sakawa har hoton ya fara rawar ɗari. Maza a gaba, mata da mu 'yan mata a baya, kusa da randa.

Ban taɓa zama gwana a wannan fannin ilimi ba. Ko sunayen ƙattin ban riƙe ba, na dai san mai jan wando da mai gashi kamar jelar doki. Amma na kalla isasshe, kuma ra'ayina bai sauya ba har yau. Ƙato ne zai fito cikin hayaƙi da tartsatsin wuta, ya kama lasifika ya yi huɗubar da ta fi ta Idi tsawo, duk a kan abin da zai yi wa ɗan'uwansa. In an fara, sai a ɗaga mutum a maka shi da ƙasa, ya kwanta kamar an zare masa rai, alƙali ya buga ƙasa sau biyu, sai mamacin ya ɗaga kafaɗa. Tashin ƙiyama kenan, kuma a wasa ɗaya ana yin sa sau da yawa. Duk da haka ina zuwa. Kowa yana zuwa. Wutar Kaka ta koma daga ita sai kyanwa.

Ran nan Kaka ta yafa mayafi, ta ɗauki sandarta, ta ce za ta je ta ga abin da ya kwashe mata jama'a. Aka ba ta kujera a gaba. Ta ƙura wa talabijin ido.

"Siddiƙu, wanga man da sunka shafa, na suyar biki ne yar rage?"

"Na ado ne, Inna."

"To. Shi kuma mai rigar jakin dawa, mi aikinai?"

"Alƙali ne."

"Alƙali? Ana bugun mutum da kujera bayanai, shi yana gardama da wani can gefe? Ko makaho ne, ko surukinsu ne."

Aka yi dariya. Sai aka maka mai jan wando da ƙasa, Kaka ta dafa sanda za ta tashi. "Halas, shi ke nan, an kada shi. Allah shi ba mu alheri."

"A'a, Inna, ba a gama ba. Zai tashi."

"Shi tashi shi yi mi? Bayanai ya taɓa ƙasa." Ta tsaya ta ga ya tashi, ya kada wanda ya kada shi, wancan ma ya tashi. Ta girgiza kai. "Waɗanga kwano guda su ka cin tuwo." Ta fita.

Tana da hurumin faɗa. Mijinta, kakanmu, ɗan kokawa ne, mahaifinsa ma haka. A ƙasan adakarta akwai kambu, jar fata da ta yi baƙi don tsufa, wanda ya zo daga Sakkwato a damtsen uban kakanmu. Kowace shekara in an kammala tsinkar auduga, ana kokawa tsakaninmu da mutanen ƙetare, kuma dokar guda ce: wanda bayansa ko gwiwarsa ko tafin hannunsa ya taɓa ƙasa an kada shi, wanda ya yi kayen kuma ya kwance kambun abokin karawarsa ya tafi da shi. Kambuna da yawa sun yi zirga-zirga a kan gadar tur'a. Namu bai taɓa ƙetarewa ba.

A shekarar, yayana Hamidu ne mai ɗaura shi. Saurayi ne mai ƙirji, kuma bara ya ci da kokawa tsantsa. Amma tun zuwan kaset ya sauya. Ya bar suma. Ya daina tafiya kamar mutane, sai ya buɗe hannuwa kamar mai ƙurji a hammata. Da shi da abokansa sukan je inda ake tara auduga kafin awo, su yi ta tsalle suna dukan juna da ƙafafu biyu a sama, suna faɗowa kan tsibin auduga. Auduga kuwa ba ta taɓa gaya wa kowa gaskiya game da faɗuwa ba.

Ana gobe kokawa man janareto ya ƙare. Haka nan muka koma wa Kaka, kowa yana sunkuyar da kai kamar wanda ya yi yaji ya dawo don kansa. Ba ta yi mana gori ba. Hamidu ma ya zo, ya zauna kan turmi yana shafa man riɗi a damtse. Ta buɗe yadda ta saba, muka amsa, ta fara.

Wai an yi wata shekarar yunwa, Kura da Dila suka rasa abin kaiwa baki. Dila ya ce su je kasuwar dabbobi su riƙa kokawa, 'yan kallo su jefo musu abin da ya samu. Suka shirya tun a gida: yau Kura ta kada Dila, ya kwanta kamar ya mutu, in an fara salati ya zabura ya kada ta. Gobe a juya. Kasuwa ta ɗauka. Kullum su dawo da ƙunshi, su raba daidai, Kura tana gasa wa Dila ƙugu, Dila yana cire wa Kura ƙaya.

Cikin 'yan kallo akwai wani ɗan Bunsuru da gemunsa ya fara tsirowa. Bai taɓa fashin zuwa ba. Ya haddace komai: yadda Dila ke tsalle, yadda yake faɗuwa, yadda yake lumshe ido, yadda yake tashi. Ya ce ashe Kura ba komai ba ce, sirrin dai ka faɗi da kyau. Uwarsa ta ce masa, a gidansu ba a san wanda ya faɗi gaban Kura ya dawo ya ba da labari ba. Ya ce ai zamani ya sauya.

Ya tarar da Kura ita kaɗai a bakin rafi, ya ce kokawa ya zo. Kura ta duba gabas ta duba yamma, ta ce bismilla. Kafin ta taɓa shi ya yi tsalle irin na Dila, ya faɗi rigingine, ya lumshe ido yana jiran lokacin tashi. Kura ta ɗora masa ƙafa a wuya. Ya buɗe ido ɗaya ya ce mata ta ɗaga, yanzu ne zai zabura.

A nan Kaka ta sauke murya, ta kumbura kumatu, ta zama Kura sak. "Tac ce mai, 'Ɗan samari, ni da Dila tun gida munka yi magana. Kai da wa ka yi magana?'"

Ƙananan suka fashe da dariya. Wata ta tambaya ko an cinye shi. Kaka ta ce har ƙaho. Sannan ta sallami baƙuwar tata, ta ce ta ɗauki sandarta ta yi gabas.

Hamidu ya miƙe yana murmushi. "Habboba, na gane. Amma ni ba bunsuru ba ne. Gobe za ki ga abin da ba a taɓa gani ba a tur'ar nan."

"Shi nika tsoro, yaro," in ji ta. Ta shiga ɗaki ta fito da kambun, ta ɗaura masa da hannunta, don haƙƙinsa ne.

Washegari da la'asar aka buɗe fage a bakin tur'a, a kan baƙar ƙasar Jazira, wadda in ta bushe ba ta san ɗan kowa ba. Makaɗa suka ɗauka. Mutanen ƙetare suka fito da Isiya, wani gajere marar magana, mai aikin ban ruwa a gonaki. Kirarinsa numfashi ɗaya ne. Hamidu kuwa sai da ya zagaye fage yana nuna mutane da yatsa, yana jan babban yatsansa a maƙogwaro, har makaɗin garinmu ya gaji ya sassauta.

Suka sunkuya, suka fara laluben juna. Sai Hamidu ya ja da baya, ya ƙara ja, har muka zaci gudu zai yi. Ya sheƙo a guje, ya tashi sama da ƙafafu biyu. Gaskiya ɗaya ce, ya tashi da kyau. Isiya bai san wannan babi ba, don garinsu babu bidiyo. Abin da kowane mai hankali zai yi in ya ga ƙato ya taho a sama, shi ya yi: ya matsa gefe.

Ƙarar da bayan Hamidu ya yi har tsuntsayen tur'a suka tashi. Abin da ya fi ciwo shi ne ya zabura ya gyara tsayuwa, yana yafito Isiya da hannu wai a ci gaba. Dattijon da ke raba kokawa ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Ɗana, ina za ka? An gama." Sai guɗa ta ɓarke daga wancan gefe. Isiya ya zo ya kwance kambun, kansa a ƙasa kamar shi aka kayar.

Bayan kwana biyu, muna bakin wuta, muka ji sallama. Isiya ne, da kambun naɗe cikin ƙyalle. Ya tuɓe takalmi, ya durƙusa gaban angareb.

"Hajja, na kawo kayanku. Wallahi ko yatsa ban sa masa ba. Ba ni na kada shi ba, ban ga yadda zan riƙe wannan ba."

Hamidu yana tsaye bakin ƙofar ɗaki, dafe da ƙugu. Na ga idonsa ya yi haske. Mahaifiyarmu har ta fara sa wa Isiya albarka. Kaka ta karɓi ƙyallen, ta buɗe, ta shafa fatar da babban yatsa, ta daɗe tana shafawa. Sannan ta naɗe ta mayar masa a hannu.

"Bayanai ya taɓa ƙasa ko bai taɓa ba?"

"Ya taɓa, Hajja, amma..."

"To naka ne. Ƙasa ba ta tambayar wa yat tura ka. Ka shafa mai man shanu in zafi ya shigo, kar shi tsage. Mai so shi zo fage shi amsa." Ta juya ta ce a kawo wa baƙo shayi.

Na yi shekaru ina ganin ta yi tsauri. Abu ya taso tun daga Sakkwato, ya tsallake hamada da yunwa, mai shi ya kawo miki har gida, ki ce a'a? Sai da na girma, na fara koyarwa, na zauna a tarurrukan da ake kada mutum da safe a tashe shi da yamma don an riga an yi magana a gida, sannan na fahimci abin da ta ƙi. Da ta karɓa, da faɗuwar Hamidu ta zama wadda aka shirya aka goge, kuma daga ranar duk wanda aka kayar a bakin tur'a zai aiko dattawa a duba masa uzuri. Kambun zai dawo adaka, amma ba zai ƙara nufin komai ba. Ta gwammace ya kasance na gaske a hannun wasu.

Hamidu ya aske suma, ya nemi Isiya shekara biyu a jere, da kokawa tsantsa, Isiya ya kada shi duka biyun, wannan karon da hannunsa. Kaka ta rasu kambun yana ƙetare. Da aka zo gaisuwa, Isiya ya zo da shi ɗaure a damtse, ƙarƙashin jallabiya, ya ɗaga hannun riga ya nuna wa Hamidu. Fatar tana ƙyalli, ko tsaga ɗaya babu. Hamidu ya duba, ya gyaɗa kai, ya sauke masa hannun rigar da kansa.