Harira Mai Lalle Ta Koma Aji

Shekara goma sha huɗu Harira ta yi tana zana wa mata lalle a tsakar gidanta da ke Badarawa. Mace idan an zane mata hannu da ƙafa, ba ta iya taɓa waya, ba ta iya tashi sai ya bushe. Baki kaɗai ke aiki. Don haka Harira ta sha labarai.

Wata Alhamis wata maijego mai suna Mariya ta zo lallen arba'in. Ana cikin zane ta ce, "Anti, ni fa tun da na haihu ban ƙara jin daɗin komai ba. Ko yaron ya yi kuka, kallonsa kawai nake."

Harira ta ba ta haƙuri, ta ce ta yawaita addu'a. Amma maganar ta tsaya mata a rai. Ta tambayi wata nas da ke zuwa wurinta, nas ɗin ta ce ai ciwon damuwa ne, yana kama wasu bayan haihuwa, kuma ana warkewa. Harira da kanta ta raka Mariya asibiti, bayan wata biyu yarinyar ta warware.

"A ina ake koyon wannan?" Harira ta tambayi nas.

"Jami'a. Ilimin halayyar ɗan Adam."

Harira ta zaro takardun sakandarenta daga ƙasan akwati, ta shiga karatun Asabar da Lahadi tana da shekara talatin da bakwai. Mijinta Abdulƙadir, direba a tashar Kawo, ya samu abin tsokana.

"Maman Bilal, tunda kin zama mai karanta zuciya, me nake tunani yanzu?"

"Tuwo."

"Wallahi makarantar nan tana koyarwa!"

Ba karanta zuciya ta tarar ba. Ƙididdiga ta tarar, ta faɗi jarrabawarta, sai a karo na biyu ta haye. Ta koyi yadda yaro ke girma da yadda tsoro ke zama a jiki. Wanda ya fi ba ta kunya shi ne darasin sauraro: malami ya ce kowa ya saurari na kusa da shi minti biyar ba katsewa. Harira ko minti ɗaya ba ta kai ba. Aji ya kwashe da dariya, har da ita.

Yanzu tana aji uku. Kwanan baya Abdulƙadir ya shigo da abokin aikinsa Rabe, wanda tun da ya yi haɗari a hanyar Zariya hannunsa ke rawa idan ya kama sitiyari. Harira ta ce ita ɗaliba ce tukuna, ta rubuta masa lambar wani malaminsu da ke duba irin wannan. Sannan ta kawo musu shayi, ta zauna. Malam Rabe ya yi ta magana har shayin ya huce, sai da aka sake ɗumama masa.