Murfi da Marayun Layuka

Ba ta taɓa barin abu a buɗe ba. Biro, kwalbar gam, aljihun tebur, har tagar da ba ita ta buɗe ba. Shi ya sa a ɗakin karatun muke kiran ta Murfi, tana kuma amsawa. Ni ɗinkin littattafai nake yi a lungun baya, ita ke riƙe da kundin sunayensu a wata tsohuwar kwamfuta mai gurnani kamar raƙumi.

Kundin nan rubutu ne zalla. Kowane littafi layi guda: lambarsa, sunansa, marubucinsa, kantar da yake. A ƙarshen layin, ma'aikatan da suka shuɗe sukan ƙara ɗan bayani na kansu. Mai gidanta, Allah ya jiƙansa, a teburin nan ya yi aiki kafin ita, kuma duk bayanin da ya rubuta yakan rufe shi da "a kula."

Da aka kawo sabon tsari, Shugaba ya ce tsarin ba ya karɓar komai sai wani salon rubutu da ake kira XML, kuma ƙarshen wata za a ɗauke tsohuwar kwamfutar. Murfi ta je kwas ta dawo tana murmushi.

"Malam, ai wannan ɗan'uwana ne," ta ce mini. "Kowane abu sai ka buɗe masa alama, ka sa shi ciki, ka rufe. Ka buɗe littafi, ka buɗe suna, ka rufe suna, ka rufe littafi. In ka manta ɗaya, ya ƙi ka gaba ɗaya."

"Ashe ke ma kina da dangi," na ce.

Ta zauna ta rubuta ɗan shiri wanda zai bi kundin layi-layi, ya sa kowane yanki cikin alamarsa. Ɗan aike take kiran sa. Ta sake shi, kafin shayinta ya huce ya gama. Shugaba ya zo duba sakamakon, ya gyara tabarau, ya daɗe yana kallo.

"Yaya Murfi, yaushe muka sayi littafi mai suna *Kada a ba mai gyaran agogo, bai dawo da na farko ba*?"

Mai shara ta jingine tsintsiya ta leƙo. "Wa ya rubuta shi, ranka ya daɗe? Zan so in ara."

Shugaba ya ci gaba: "Ga wani ma. *Ɓera ya ci ƙarshensa, amma jarumin bai mutu ba.*"

Dariya ta hana mu tsayuwa, har da ita Murfin. Laifin ba na ɗan aike ba ne, abin da aka ce masa ya yi. Ma'aikatan baya, in bayaninsu ya kai bakin allo, sai su sauko sabon layi, kamar yadda hannu ya saba a takarda. Shi kuwa duk sabon layi sabon littafi ne a wurinsa. Rana ɗaya muka yi arzikin littattafan da babu su a duniya.

Da dariya ta lafa, Shugaba ya ce, "Sauƙi gare shi. A zubar da bayanan nan duka, surutun tsofaffi ne. In ba su shiga daidai ba kafin ƙarshen wata, su tafi tare da kwamfutar."

Murfi ta rufe bironta, wanda dama a rufe yake.

Kwanakin da suka biyo baya ta rage hira. Ta koya wa ɗan aike sabuwar ɗabi'a: layin da ya fara da lamba shi ne littafi, wanda babu lamba kuwa jelar na samansa ne, a haɗa su a sa cikin alamar bayani. Ya yi, sai wata matsalar ta ɓullo. In an sauya wa littafi kanta, magabata sukan ɗauke layin mai lamba su kai shi wani wuri, su bar jelar a ƙarƙashin filin da ba rubutu, sai ta manne wa littafin da ke sama. Ɗan aike ya liƙa wa littafin lissafi "labarin yana sa kuka."

"Wannan kam gaskiya ne," in ji mai shara. "A bar shi."

Murfi ba ta bari ba. Ta ce duk jelar da fili ya raba da littafi a ware ta gefe, a fayil na daban. Marayu ta sa musu suna. Sauran kuwa suka shiga sabon tsarin lafiya lau, ana saura kaɗan wata ya ƙare. Shugaba ya gwada, ya nemi littafi ɗaya, bayanin ya fito a ƙasansa: "Bangon ya saki, a ɗauka da hannu biyu. A kula." Ya yi gyaran murya, ya ce dama shi bai ce a zubar da su yau-yau ba.

Marayun nan ne suka zama aikinta har ta yi ritaya, da bayan ritayar ma. Takan zo ranar da jiki ya yarda, ta karanta ɗaya, ta bi kantoci tana shafa bangon littattafai har ta gano mai shi, ta mayar da shi gida, ta rufe alamar. Yanzu saura ɗaya: "Akwai busasshen fure a tsakiya, ba datti ba ne, a bar shi. A kula."

Ni na ɗinke littafin nan da hannuna, na san kantarsa. Na taɓa buɗe baki zan faɗa mata.

"Malam, ka ji da allurarka," ta ce. "Wa ya aike ka?"

Ta ɗauki jakarta, ta rufe taga, ta rufe aljihun tebur, ta ja ƙofa. Fayil ɗin marayu na nan a kan allo, a buɗe.