Agogona ya ƙirga takun da ban yi ba

Jama'a, yau na hau sikeli a asibiti, na ga abin mamaki!

Kun san likita ta ce in rage ƙiba saboda hawan jini. Shi ne na haɗa agogon ƙirga taku da manhajar rubuta abinci. Kullum manhajar sai ta ce na motsa sosai, in ƙara ci. Ni kuwa in ƙara tuwo!

Ashe har da kilo uku na ƙaru!

Likita ta duba yawan takun da agogon ya ƙirga, ta ce, "Malam, da ƙafa kake zuwa wurin aikinka a kasuwar Dawanau?"

Na ce, "A'a, a adaidaita."

Ta ce, "To, gargadar hanya agogon yake ƙirgawa."

Innalillahi! Ta auna jinina sau biyu, ta ce sai an kwantar da ni. Don Allah kar kowa ya gaya wa Inna tukuna.